Alwalar da Ba Ta Kaiwa Sallama

Cikina na fari ya tsufa lokacin da mijina ya sako ni a gaban wata a-kori-kura daga Bukkuyum, ya kawo ni Anka gidan iyayena goyon ciki. Lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, hanyar kuwa jar ƙasa ce mai gargada, har direban ya riƙa juyowa yana roƙona kada in haihu masa a mota. Na ce ya kula da tuƙinsa, ni na san abin da na ɗauko. Bakina ke nan tun ina yarinya, kuma a shekarun nan ina ji da kaina. Na yi sauka a gaban mahaifina, na auri telan da nake so, ga ciki lafiya lau. Ban ga abin da zai gagare ni ba.

Mahaifina malamin allo ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Ni ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, in ta ji daɗi kuma "wagga yarinya". Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka matan zamaninta suke da 'ya'yansu na fari. Tana iya kwana tana yi mini fifita in ina zazzaɓi, amma ba ta iya kallon idona ta tambaye ni ina ke ciwo.

Da haihuwa ta matso sai aka aika Gummi aka ɗauko Goggo, yayar Malam. Ita ce gwanar jego a danginmu, babu wadda ta haihu a zuri'armu ba ta bi ta hannunta ba. Gajeruwa ce mai ƙarfin damtse, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya katse Malam yana magana.

Naƙuda ta kama ni da hantsi. Na durƙusa a ɗakin Inna na cije baki, don an sha gaya mini cewa mai haihuwar fari ba ta ihu, in ta yi za a riƙa yi mata waƙa da shi har ta tsufa. Yarinyar ƙatuwa ce, ta daɗe ba ta sauko ba, da ta tashi kuma sai ta taho gaba ɗaya. Na ji kukanta, na ji ungozoma ta ce, "Ta ƙaru." Wannan bai tsorata ni ba, mata da yawa suna ƙaruwa. Abin da ya tsorata ni shi ne da Goggo ta sunkuya ta duba, ta ɗago ba ta ce komai ba. Ƙarin ya tsaga tun daga gaba har ya shiga dubura, babu abin da ya rage a tsakani. Jini kuma ya ƙi tsayawa.

Malam ba mai son asibiti ba ne, amma ranar shi da kansa ya fita neman mota. Aka shimfiɗe ni a bayan Landirobar wani maƙwabcinmu, aka kai ni babban asibiti a Gusau, likita ya ɗinke ni.

Ranar da za a sallame mu wata nas, Bakanuwa mai saurin magana, ta tara mu ni da Inna da Goggo. Da ta ji mijina tela ne sai ta ce to zan gane. Ta ce a bakin dubura akwai wani nama mai aikin zariyar wando, shi ke tsuke wurin ya riƙe iska da bayan gida. Nawa ya tsinke, likita ya haɗa bakinsa da zare, kuma sai an lallaɓa shi kafin ya kama. Kada ruwa mai ƙuna ya taɓa wurin, kada a danna, kada in ci yaji, in yawaita abinci mai ruwa-ruwa. Ta ba ni wani farin mai a kwalba, ta ce in riƙa shan cokali don bayan gida ya yi laushi, kada in kuskura in yi yunƙuri. Inna tana kallon ƙasa. Goggo ta ce, "To." Ni da na san Goggo na san irin wannan "to" ɗin.

Muna isa gida na tarar an riga an girka tukunyar wanka a bayan ɗaki, an jibge itace kusa da ita.

"Su ɗumki sunka sani," in ji Goggo. "Ba su san sanyi ba. Ni da idona nig ga wadda anka hana ma wanka can Gummi. Ta kumbura awa salka, ba ta ga yayen ɗanta ba. Ba a hannuna za a yi wannan ba."

Inna ta ɗan yi ƙoƙari, ta ce ko a rage zafin. Goggo ta ce ita Innar da wane ruwa aka gasa ta har ta haifi bakwai tana tsaye da ƙafarta? Maganar ta mutu nan. Ni ma ban yi gardama ba. Na ji nas, amma na fi jin tsoron sanyi, don da labarinsa aka raine ni, kuma na san matan da aka ce shi ya kashe su. Nas ɗin kuwa ranar na fara ganinta.

Safe da yamma Goggo take zaunar da ni a kan kifaffen turmi, ta tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa ta riƙa fyaɗa mini har fatata ta yi ja. In an gama sai ta zuba ruwan bagaruwa a kwatarniya, tururi na tashi, ta ce in zauna. In na ɗaga sai ta dafa kafaɗuna ta mayar da ni, tana cewa da zafi nama yake haɗewa. Sannan a kawo kunun kanwa, da ƙauri, da gasasshen nama an barbaɗe shi da yajin jego. Mijina ya aiko da ƙafafun sa har da kai, don kada a ce bai iya jego ba. Kwalbar man nan Goggo ta shinshina, ta ce abin da ba shi da wari ba shi da ɗanɗano ba magani ba ne, ta ɗora ta a kan katanga. Daga baya da shi aka riƙa shafa wa ƙyauren zaure in yana ƙara.

Cikina ya ɗaure kwana da kwanaki. Wata safiya a masai na yi abin da aka ce kada in yi, don babu yadda zan yi, sai na ji wani abu ya ɓalle a ƙasana kamar maɓallin riga. Ban ji zafi sosai ba. Na koma ɗaki na kwanta, na ba yarinya nono. Ranar suna na zauna a gefe ɗaya na jikina ina amsa barka, ana ta cewa maijego ta yi kyau, Goggo ta iya hannu.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa wannan abu, ban samu ba. Goggo ta bar gidanta da awakinta ta zo tana tashi tun asuba tana hura mini wuta. Inna ta sayar da tunkiyarta ta sayi itace. Kowa so na yake yi, kuma da son aka yi mini abin da aka yi. Wannan ya fi ba ni haushi, don ko wanda zan yi wa tsaki ban samu ba.

Cikin arba'in ɗin na lura iska tana fita ba da sanina ba, wani lokaci in ga zanena ya ɓaci. Na gaya wa Goggo, ta ce ɗanyen jiki ne, ta ƙara itace. Tunda jinin biƙi bai ɗauke ba, ba na salla, sai na ɗauka duk cikin ƙazantar jego ne, za su tafi tare.

Jinin ya ɗauke, na yi wankan tsarki da azahar, na sa wankakken zane. Na yi marmarin salla kamar yadda mai azumi yake marmarin ruwa. Na yi alwala a tsanake, na shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, na kabbarta, na ja sura mai tsawo don daɗi. Ina sunkuyawa ruku'u iska ta fita. Na ce to, tsautsayi. Na fita na sake alwala. Wannan karon na kai sujada, ina ɗagowa na ji ɗumi a cinyata. Na je na wanke, na canza zane, na sake alwala. Na matse jikina iya ƙarfina, amma wurin da nake matsewa ba ya amsawa, kamar ba a jikina yake ba. Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin tabarma da bakin randa, yarinya tana kuka ina cewa ta yi haƙuri saura kaɗan. Ina kan haka na ji ladan ya kira la'asar. Na zauna a ƙasa da buta a hannu na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba ranar haihuwa.

Na san abubuwan da ke warware alwala, a gaban Malam na haddace su ina ƙarama: fitsari, bayan gida, iska. Nan karatuna na wannan babi ya tsaya, aka shiga hidimar aurena. Amsar abin da ya same ni, in akwai ta, tana zaure, taku kaɗan daga inda nake zaune, a wurin mutumin da mutane ke tahowa tun daga ƙauyuka su tambaya. Amma da wane baki 'ya za ta gaya wa ubanta cewa ba ta iya riƙe bayan gidanta?

Na gaya wa Inna, fuskata tana kallon bango, tata tana kallon ƙofa. Ban ɓoye komai ba. Na ce kullum ne, na ce ba na jin zuwansa, na ce tun daga ɗinkin ne, na roƙe ta a tambayar mini Malam yadda zan yi da salla. Da na gama ta ce, "Allah shi sawwaƙe," ta fita. Ita ba za ta iya kai wa mijinta maganar 'yar farinta ba, balle irin wannan, sai ta kai wa Goggo. Goggo ta shiga wurin ƙanenta ta yi tambayar da sunan wata mata can Gummi, kamar yadda ake yi in abin na kunya ne. Da yamma amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam ya ce alwala ta karye. A sake."

Shi ke nan. Ban tambayi yadda aka yi tambayar ba, bai ma zo mini a rai ba. Malam ya faɗa, kuma a wurina babu wanda zai faɗa bayansa.

Aka mayar da ni Bukkuyum da gara da turaren wuta. Mijina mutum ne marar yawan magana, ni nake yi mana ta mu biyu. Ya gane abin da ake ciki tun makon farko. Bai tambaye ni ba, sai na ga ya fara dawowa daga shago da ƙunshin ƙyallaye masu laushi, ragowar yadin mutane, ya yanka su daidai ya kalmashe bakinsu a keken ɗinki, ya ajiye mini a ƙarƙashin filo. Da na ga kalmasar nan, mai kyau kamar ta rigar sallar wani, ban san ko in gode masa ko in nutse a ƙasa ba.

Shi ya matsa muka koma Gusau bayan wasu watanni. Likita ya duba ya ce ɗinkin farko ya warware, naman ya warke a buɗe, za su sake gwadawa amma kada mu sa rai ya koma kamar da. A hanya mijina ya ce shi ma ya san haka a sana'arsa, in yadi ya yage a kan tsohon ɗinki, allura ba ta samun wurin kamawa. Wannan karon, da aka sake ɗinkin, gidanmu na Bukkuyum ya wuce da ni, ya ce duk mai son gasa wani ya gasa kansa. Na sha man kwalba, na sha kunu tsararo, na bi duk abin da aka ce. An samu sauƙi, ba zan yi butulci ba. Bayan gida mai tauri na iya riƙe shi in masai yana kusa. Amma iska, da duk abin da ya yi ruwa, ba su sake neman izinina ba. An koya mini in riƙa tsuke wurin ina saki, wai zai yi ƙarfi. Na yi ina daka, na yi ina tankaɗe, na yi ina goyo, shekara da shekaru. Ban ga abin da ya ƙaru ba.

Sai na koma dabara. Na daina cin wake, na daina alala, na rabu da miyar kuka mai yawan daddawa. Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Nasarawa Burkullu ta yi ta tsiya wai na yi kuɗi na raina ƙwaryarta, na ce mata nononta ne ya cika ruwa, muka yi dariya, ta tafi ba ta san ina son nonon nan kamar in yi kuka ba. Ba na cin abin kirki sai bayan isha'i. Na bar dogayen surori, na koma mafi gajarta, ina karantawa da gudu kamar an biyo ni. Na koyi sunkuyawa a hankali, gwiwa a haɗe, numfashi a riƙe. Wata rana in ci sa'a in kai sallama da alwala ɗaya, in yini ina murna. Yawanci kuwa sai na fita na dawo, na fita na dawo. Da damina, lokacin da ciki ke yawan lalacewa, akwai ranakun da azahar take cin la'asar, la'asar ta ci magariba, in tara su in yi ta biya, ban san wadda ta karɓu ba.

Tsakanin yatsun ƙafata ya jiƙe ya yi fari, ya riƙa tsagewa. Da rani in rijiya ta ja baya, ruwan da zai ishi gida yini ni kaɗai nake ƙarar da shi, mai garuwa har ya tambayi mijina ko rini muke yi. Na daina taɓa allona, don ban yarda da tsarkina ba ko na ɗan lokaci. Na daina zuwa biki da suna, in ya zama dole in tsaya daga bakin ƙofa, jikina ya sha turare, in yi barka in juyo. Matan unguwa suka ce 'yar malam ce, girman kai ke damunta. Na bar su a haka, girman kai ya fi mini daɗin suna.

Mijina ya taɓa cewa bari ya tambayi limamin unguwarmu ko akwai wani sauƙi. Na hana shi. Na ce in ya tambaya yau, kafin ranar kasuwa duk Bukkuyum ta san matar tela ce, kuma wane liman ne zai gyara wa Malam magana? Bai sake tayarwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba warin ba ne, ba wankin ƙyallen ba ne. Da can in na kabbarta nakan manta da duniya. Yanzu daga kabbara har sallama hankalina yana wuri ɗaya, wurin da bai kamata mai salla ya tuna da shi ba. Ban taɓa cewa Allah bai kyauta mini ba. Amma na sha zama a kan tabarma, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna, ina tambayarsa yadda yake so in yi.

Yarinyar kuwa ta girma a gabana. Bisa al'ada da an yaye ta za a kai wa Inna, amma mijina ya yi ta kawo dalili har aka gaji aka bari. Na san don kada gidan ya yi mini shiru ne. "Yaya" take ce mini, kamar yadda 'ya'yan fari suke yi. Bakina ta ɗauko kaf, kuma duk inda na sa ƙafa tana bayana.

Tana wajen shekara shida muka je Anka bayan an gama girbi. Goggo ta riga ta rasu. Malam ya tsufa, ya fara shigowa cikin gida da rana ya zauna a kan buzunsa a inuwar rumbu. Ranar Inna tana tankaɗe, ni ina tsince shinkafa a bakin ɗaki, shi kuma yana tsokanar jikarsa, wadda yake kira amaryarsa.

"Amarya, kin ko iya salla? Ni ba ni zama da matar da ba ta iya salla ba. Sakinki za ni yi."

"Na iya mana! Kai na za ni saki, tsoho da kai."

Ta fizgi ɗankwalin Inna ta yafa, ta jawo 'yar tabarma, ta ɗauki buta ta yi alwala tsaf, har da shafar kunne. Malam yana gyaɗa kai. Ta kabbarta, ta karanta abin da ta iya da sauri-sauri, ta haɗe gwiwoyinta ta sunkuya a hankali. Sai ta tsaya cak. Ta miƙe, ta yi ɗan tsaki, ta saki ajiyar zuciya, ta tattare zanenta ta nufi buta. Ta sake alwala daga farko, ta dawo ta kabbarta. Wannan karon ta kai sujada, sannan ta tashi ta sake nufar buta.

Malam ya yi dariya har da tari. Ni kuwa shinkafar ta tsaya a hannuna.

"Ke amarya, wagga wace irin salla ta? Wa yak koya miki hita tsakiyar salla?"

"Haka aka yi," ta ce. "Haka Yaya taka yi."

"Kullum?"

"Kullum mana. Sai an hita an komo, an hita an komo, kannan a sallame. Wata rana har da kuka aka yi, amma ni ban iya wurin kukan ba tukuna."

Rariyar Inna ta tsaya. Na so in tashi in shige ɗaki. Malam bai kalle ni ba. Ya daɗe yana kallon butar da ke hannun yarinyar, sannan ya juya wajen Inna, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Matar nan ta Gummi."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ce min anka yi wata mata ta, iska ta kuɓuce mata cikin salla, mi za ta yi. Iyakar abin da anka hwaɗa min ke nan. Ba a ce min ciwo na ba. Ba a ce min kullum na ba."

"Ni na hwaɗa ma Yaya abin da bakina ya iya ɗauka," Inna ta ce, tana nufin Goggo. "Ita ma halama ta rage."

A nan na ji yadda tambayata ta isa zaure. Na ba da ita cikakkiya, kowane baki ya ɗan gutsure abin da ya fi ƙarfin kunyarsa, abin da ya kai wurin Malam tambaya ce da ko yaron da ya fara allo zai amsa. Ya kuwa amsa ta daidai.

Ko a lokacin bai yi magana da ni ba, bai iya ba. Ya yafito yarinyar, ya zaunar da ita a gefen buzunsa, ya karɓi butar ya ajiye.

"Zo in gyara miki, amarya. Ki saurara da kyau." Ya ɗaga murya yadda za ta kai bakin ɗaki. "Wanda abu yaf fi ƙarfinai, shina zo mai kullum don lalura, ba da sonai ba, wannan alwala guda ta ishe shi. Ko abin ya zo shina tsakiyar salla, ba shi hita. Shi ci gaba har shi sallame, sallatai ta yi. Abin da yat taɓa tuhwahi ma an yahe mai. Allah bai aza ma bawa abin da ba shi iyawa ba. Kin jiya?"

"Na jiya."

"Shekarunki nawa yanzu?"

Ta ɗaga yatsu, ta ƙara ɗaya daga ɗayan hannun. Ya kalli yatsun nan, ya kama su ya riƙe a tafinsa, ya ƙi saki. Ban taɓa ganin Malam haka ba, kuma ban so na gani ba. Aka kira la'asar, ya dafa rumbu ya miƙe, ya fita ko buzun bai ɗauka ba.

Na yi alwala na shiga ɗakin Inna. Na kabbarta. Ina sunkuyawa abin ya zo, kamar kullum. Kafin in yi tunani ƙafata ta dama ta riga ta juya wajen ƙofa, sai da na dawo da ita da ƙarfi. Na ci gaba. Na yi sujada, na tashi, ya sake zuwa, na ci gaba. Na zaci zan ji sanyi a raina, in ji an sauke mini kaya. Ban ji ba. Ji na yi kamar na shiga gaban babban mutum da ƙazanta a zane ina yi kamar ban sani ba. Bakina yana karatu, zuciyata tana lissafin sallolin da na fitar daga lokacinsu, da allon da na bari ya yi ƙura, da duk ruwan da na kwarara a bayan ɗaki, ashe tun ranar farko an yafe mini.

Na sallame. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, har yanzu da ɗankwalin Inna a kanta, ta kalli sallar tun daga farko.

"Yaya, ba ki hita ba."

"Ban hita ba."

"To wagga ta yi? Ko sai kin sake?"

Na ce mata Malam ya ce ta yi. Ta gyaɗa kai, ta yar da ɗankwalin ta ruga waje wurin yara. Na zauna ina sauraron ƙafarta har ta fice zaure, sannan na tashi na ɗauki buta.